Kada Litiyam Ya Bi Hanyar Kuza

Jama'ar Nasarawa da Kaduna, jama'ar Neja da Kogi da Kwara, da duk wanda aka wayi gari ana haƙa rami a bayan gonarsa, ku ba ni aron kunnuwanku. Dutsen nan mai ƙyalli, wani fari-fari, wani mai ruwan hoda da ya karkata zuwa shunayya, wanda yaranmu ke fasawa da guduma suna ɗurawa a buhu, manyan ƙasashen duniya zaman majalisa suke yi a kansa. Litiyam ne. Da shi ake yin batirin wayar da ke aljihunka, da batirin sola da ke ba asibitin garinku wuta da dare, da na motocin lantarki da masana'antun duniya suka koma ƙerawa. Su can sun rubuta dokoki, sun ware kuɗi, sun kafa hukumomi don kada wata rana su nema su rasa. Mu da Allah ya ajiye mana shi a ƙarƙashin ƙafa, muna ɗora shi a tirela cikin dare, muna ganin mun yi ciniki.

Ku dubi yadda masu nema suke nema. A 2024 Tarayyar Turai ta yi doka musamman a kan ma'adinan da take ganin rayuwar masana'antunta ta rataya a kansu. Ta ce nan da 2030 tana so ta riƙa haƙo kashi 10 cikin 100 na abin da take buƙata daga cikin ƙasarta, ta tace kashi 40 a gida, ta samo kashi 25 daga tsofaffin kayan da aka sake narkawa, kuma kada wata ƙasa guda ta waje ta riƙe mata fiye da kashi 65 na kowane ma'adini. Amurka ta fitar da jerin ma'adinai 50 a 2022, ta ce waɗannan lamarinsu lamarin tsaron ƙasa ne. Ita kuwa Sin tun da daɗewa ta gane cewa ƙarfin yana hannun mai tacewa, don haka ta gina matatu har ta zama ita ke tace fiye da rabin litiyam na duniya. A 2023 ta taƙaita fitar da galiyam da jamaniyam da girafait, a 2025 ta ƙara da ma'adinan da ake yin maganaɗisun injina da su, nan take hankalin masu ƙera motoci a Turai da Amurka ya tashi.

Duk tambaya ɗaya suke yi wa kansu: idan gobe aka rufe hanya, da me masana'antunmu za su yi aiki? Wannan tambayar ce nake so mu tilasta wa gwamnatocinmu su yi wa kansu, mu ma mu yi wa kanmu, tun dutsen bai ƙare ba. Ma'adini ba ya tohowa. Wanda aka kwashe bana ya tafi ke nan har abada.

Ba yau aka fara yi mana haka ba, shi ya sa abin ke ci mini rai. Tun kafin Bature ya taka tsaunukan Jos, maƙeran Liruwe suna narka kuza. Suna wanke shi daga yashin rafi, su hura wuta da gawayi da zugazugi, su zuba narkakken ƙarfen a 'yan ramukan da suka fitar da tsinken ciyawa, ya fito siri-siri, fatake su ɗaure shi dami-dami su kai kasuwanni masu nisa. Sawun waɗannan tsinkayen kuza Turawa suka bi har suka gano inda yake fitowa. Da aka shiga ƙarni na 20 kamfanoninsu suka mamaye filayen, dokar ma'adinai ta koma hannun gwamnatin mulkin mallaka, sana'ar narkawar gida ta mutu murus. Jikokin masu narka kuza suka koma leburori masu ɗaukar kwanon ƙasa a ka. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun mafi yawan kuzanta, sai aka juyo kan Jos. Aka riƙa ɗibar maza daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas a filayen haƙa har zuwa 1944, da yawa sanyin tsauni da cuta da ƙarancin abinci suka kashe su. Wato a wancan lokacin ma wata ƙasa ce take tabbatar wa kanta da wadatar ma'adinin da take buƙata, da ƙasarmu da jinin kakanninmu. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolombait, wanda ake saka wa ƙarfen injin jirgin sama don ya jure zafi. Ina masana'antar ƙarfen da muka gina da shi? Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, kamfanoni suka tattara nasu ya nasu. Abin da aka bar wa Filato shi ne ɗaruruwan kududdufai masu zurfi da har yau suke cin yara da dabbobi, da tarin ƙasar da ba ta noma.

Man fetur kuma kowa ya san labarinsa, ba sai na ja ba. Shekaru muka kwashe muna fitar da ɗanye muna sayo tatacce, muna kwana a layin gidan mai. Masana'antar ƙarfe ta Ajakuta tun 1979 ake gininta, ga tama a Itakpe kusa da ita, har yau ba ta fitar da ƙarfen da aka gina ta dominsa ba.

To yanzu ga litiyam, ga tantalait, ga nikel da aka ba da labarin samunsa a Dangoma ta jihar Kaduna, ga dalma da zink a Wase, ga fosfat a Sakkwato. Ana yawan cewa ƙasar nan na da nau'in ma'adinai 44 da za a iya kasuwancinsu, amma shekara da shekaru gudummawar ɓangaren ga tattalin arzikin ƙasa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Kada wani ya ce maka ba a haƙa ne. Ana haƙa ba dare ba rana. Abin da ake haƙowar ne ba ya bi ta littafin kowa.

Gaskiya ɗaya ce, gwamnatin tarayya ta ɗan motsa, kuma ya kamata a faɗa. Tun da aka naɗa Dele Alake ministan ma'adinai a 2023, ma'aikatarsa ta shelanta cewa ba za a ƙara ba kamfani lasisin haƙa ba sai ya nuna shirin sarrafa abin da ya haƙo a cikin gida. An soke lasisi 1,633 a ƙarshen 2023 saboda rashin biyan kuɗin shekara, aka ƙara soke 924 a 2024 na waɗanda suka karɓa suka ajiye a aljihu suna jiran mai saye. A watan Maris na 2024 aka ƙaddamar da dakaru na musamman daga jami'an Sibil Difens don tsaron wuraren haƙa. A watan Mayu na shekarar aka buɗe masana'antar sarrafa litiyam a jihar Nasarawa, wadda aka ce tana iya cin tan 4,000 na dutse a rana. Alƙiblar daidai ce. Na goyi bayanta, kuma ina kira ga kowa ya goyi baya. Amma goyon baya ba shi ne rufe ido ba, domin akwai giɓi babba tsakanin abin da aka shelanta da abin da zai amfane mu.

Da farko mu fahimci me ake nufi da "sarrafawa". Dutsen da ake fasowa daga rami litiyam ɗin cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Abin da irin waɗannan masana'antu ke yi shi ne su niƙa dutsen, su wanke, su ware tsakuwar banza, har ya zama gari mai ɗauke da kusan kashi 6 cikin 100 na sinadarin. Wannan garin ba ya shiga batir. Sai an gasa shi a wuta mai tsananin zafi, an jiƙa shi da asid, an tace an sake tacewa, ya zama farin gishiri mai tsabtar da ta haura kashi 99 cikin 100, sannan a haɗa shi da wasu sinadarai a yi cikin batir. Abin da muke yi yanzu kamar ɓarar gyaɗa ne: an cire ɓawo, amma mai da ƙuliƙuli a wani gari ake yin su, can kuma ribar take. Idan muka yarda aka kira niƙa da wanki "sarrafawa" aka tsaya nan, an yi ba a yi ba. Za mu ci gaba da tura gari a kwantena, mu sayo batir da dalar da ba mu da ita. Ku shiga kowace kasuwar kayan lantarki a Kano ko Kaduna ku tambayi kuɗin batirin litiyam na sola, sannan ku tambayi yaron da ya cika buhu a bakin rami nawa aka ba shi.

Saboda haka abin da za mu nema a fili yake. Sharaɗin sarrafawa ya fita daga bakin minista ya shiga cikin doka, domin minista yakan tafi, wanda ya gaje shi ya zo da nasa. Dokar ta fayyace mataki-mataki: a shekara kaza an daina fitar da ɗanyen dutse, a shekara kaza an fara tace gishirin batir a nan, kuma duk kamfanin da ya saɓa wa alƙawarin da ya rubuta ya rasa lasisinsa. Sannan a ɗora wa masu haƙa wajibcin ware wani kaso don masana'antun cikin gida, kamar yadda dokar man fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfanonin mai su ba matatun gida ɗanye. Mun ga irin fafutikar da aka sha kafin matatar Dangote ta riƙa samun ɗanyen mai a ƙasar da ke haƙo shi. Idan ba a rubuta wannan tun yanzu ba, ranar da wani ɗan ƙasa ya gina masana'antar batir zai tarar an riga an sayar da dutsen shekaru ashirin masu zuwa ga masu saye na waje. Kuma ya kamata gwamnati ta keɓe wasu filayen da aka tabbatar suna da arziki, ta ƙi ba kowa, ta bar wa 'ya'yanmu da za su zo da ilimin da ya fi namu.

Wasu ƙasashe irin namu sun gwada. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel daga Janairun 2020. Tarayyar Turai ta kai ta ƙara gaban hukumar ciniki ta duniya, aka yanke hukunci a 2022 cewa ta saɓa ƙa'ida, ta ɗaukaka ƙara ta ci gaba da abinta, kuma matatu suka tsiro a ƙasar har ta zama uwa ma ba da mama a kasuwar nikel. Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen litiyam a Disambar 2022, Namibiya ta bi sahu a 2023. Kongo, wadda ke fitar da kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya, ta dakatar da fitarwa a farkon 2025 da farashi ya faɗi. Nan kusa da mu, 'yan uwanmu na Nijar sun fi kowa sanin ɗacin abin. Tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit, ya daɗe yana haskaka biranen Faransa, alhali mafi yawan gidajen Nijar ba su da lantarki, ɗan abin da suke samu ma shekara da shekaru babban kasonsa daga Najeriya aka riƙa jawo shi. Mahaƙar yuraniyam ta Akokan ta rufe a 2021 ta bar tsaunukan sharar da ke fitar da tururin guba. Ko mutum yana son gwamnatin da ke Yamai ko ba ya so, ba zai ce tambayar da 'yan Nijar ke yi a kan yuraniyam ɗinsu ba ta da tushe ba.

Sai dai ina gargaɗi: hani shi kaɗai ba manufa ba ce. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya da niyyar a riƙa yin man kaɗe a gida. Niyya mai kyau, amma farashi ya faɗi warwas, kuma matan karkara da ke yini a daji suna tsinto ta su suka fara ji a jikinsu. Haka zai faru da ƙaramin mai haƙa idan aka rufe ƙofar waje alhali masana'anta biyu ko uku ne kawai ke saye a gida. Su za su yanka farashi yadda suka ga dama. Ita ma Indonesiya ta biya kuɗin nasararta da dazuzzuka da hayaƙin kwal da rayukan ma'aikata, kamar waɗanda suka ƙone a fashewar tukunyar narka ƙarfe a Morowali a Disambar 2023. Kuma matatar litiyam wuta take ci ba ƙaƙƙautawa. Duk wanda ya yi mana alƙawarin matata bai faɗi inda wutarta za ta fito ba, ko daga madatsar ruwa ta Shiroro ko ta Zungeru ko bututun gas da ake ja daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, to zance kawai yake yi. Farashin litiyam ɗin kansa ba shi da tabbas: bayan ya kai ƙololuwa a ƙarshen 2022 ya rikito da kusan kashi 80 cikin 100. Ƙasar da ta dogara da sayar da ɗanye, duk rikitowa irin wannan a kanta take sauka.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi kuɗi nauyi. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da ke zagayen duba sanƙarau a Zamfara suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Maza na kawo dutsen zinare gida daga daji. Ana niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, mata na daka shi a turmin da suke daka gero, ana shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Dutsen cike yake da dalma. Yaro sai ya fara amai, ya kama jijjiga, idanu su kafe, kafin a kai shi ko'ina rai ya yi halinsa. Aƙalla yara 400 suka mutu a Dareta da Yargalma da Abare da Bagega da maƙwabtansu, dubbai suka rayu da gubar a jininsu, wasu ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada. A 2015 abin ya maimaita kansa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Iyayen nan ba mugaye ba ne. Talakawa ne da arziki ya ɓullo a bayan gidansu, ba wanda ya zo ya gwada dutsen, ba wanda ya ce musu ga yadda ake yi.

Shin mun koyi darasi? A ƙarshen 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya je Pasali a jihar Nasarawa, tafiyar da ba ta da nisa daga Abuja, ya tarar da ƙananan yara zaune a kan tarin duwatsu a cikin rana suna fasa dutsen litiyam, suna ware mai kyau da maras kyau da hannu, ba takalmi, ba makaranta. Manya na sauka cikin ramuka masu zurfi da fitilar goshi, ba abin tokare ƙasa. A watan Yunin shekarar rami ya rufta da masu haƙa a Galkogo ta ƙaramar hukumar Shiroro, aka kwashe kwanaki ana tono. A Janairun shekarar kuma nakiyar da masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba suka ɓoye a cikin gida ta tashi da unguwar Bodija a Ibadan. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta haramta sa yaron da bai kai shekara 16 ba aiki a ƙarƙashin ƙasa. Manufar ma'adinan da ba ta fitar da yaro daga bakin rami ta mai da shi aji ba, ni ban ga abin alfahari a cikinta ba, ko da masana'anta goma aka buɗe.

Ga kuma bindiga. Duk inda ake haƙa ba rajista, wani ne ke karɓar harajin wurin, kuma a dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari da Shiroro mun san ko su wane ne. An hana haƙa a Zamfara a 2019, aka ɗage hanin a Disambar 2024. A tsakanin nan masu lasisi suka janye, masu bindiga suka ci gaba da cin karensu babu babbaka. Haramta haƙa bai kori ɓarayin daji ba. Abin da zai rage musu ƙarfi shi ne ƙaramin mai haƙa ya samu inuwar doka: a yi masa rajista cikin ƙungiyar gama-kai ba tare da ya sayar da akuyarsa ya tafi Abuja ba, a ba ƙungiyar fili nata, a kafa cibiyar saye kusa da shi mai sikeli na gaskiya da na'urar gwada dutse, farashin ranar a rubuce a allo kowa na gani. A yau dillali ne ke ɗaga dutse ya juya shi a rana ya ce maka "wannan ba shi da kyau", kai kuma ba ka da abin da za ka ƙaryata shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hukumar binciken ƙasa tana da ɗakin gwaji a Kaduna, akwai cibiyar koyar da haƙar ma'adinai da ta binciken ƙarafa a Jos. Me zai hana a kai gwajin nan bakin rami?

Na san amsar da ake ba mu kullum: ma'adinai na gwamnatin tarayya ne. Haka ne, sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce haka, kuma daga Abuja ake ba da lasisi. Amma wannan ba ya nufin mutanen gari ba su da ta cewa, kuma a nan ne aka fi cutar mu saboda rashin sani. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce kafin a ba da lasisi a kan filin da wani ya mallaka ko yake zaune a kai, sai an sanar da shi an samu amincewarsa. Ta ce kafin kamfani ya fara aikin haƙa sai ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar wurin, wadda ake sake dubawa duk bayan shekara biyar. Ta wajabta biyan diyyar gona da amfanin gona, da gyara ƙasa bayan an gama. Ta kafa kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Lasisin bincike guda ɗaya yana iya cin murabba'in kilomita 200, lasisin haƙa kuma yana kai shekara 25. Ku yi tunanin ƙauyuka nawa ne ke cikin murabba'in kilomita 200, kuma sau nawa ake sallama su da sa hannun mutum ɗaya a ɗakin otal.

Iyayenmu sarakuna, hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku, wannan takardar amincewa a gabanku ake fara ajiye ta. Kada ku sa hannu a ɗaka. Ku tara jama'a a ƙofar fada, a karanta takardar da Hausa ko da harshen garin, manoma da makiyaya da mata su ji, a san iyakar filin, a san rafin da za a wanke dutse a ciki, a san wa zai cike ramin. Mota da kujerar Makka suna ƙarewa, amma kududdufin da aka bari yana nan jikokinku za su gada tare da sunan wanda ya sa hannu. Malamanmu na masallaci da na coci, ku yi huɗuba a kan yaron da aka cire daga makaranta aka kai rami, da kan amanar dukiyar da ta waɗanda ba a haifa ba ce. Maganarku tana shiga inda ta jami'in gwamnati ba ta shiga.

'Yan majalisarmu na tarayya, musamman ku da kuka fito daga mazaɓun da ake haƙa, dokar 2007 an rubuta ta ne tun kafin duniya ta fara rububin litiyam. Gyaranta na hannunku. Gwamnoni kuma, kaso 13 cikin 100 da tsarin mulki ya ba jihar da aka samo arziki a cikinta ya shafi ma'adinai kamar yadda ya shafi man fetur. Ku faɗa mana nawa kuke karɓa, kuma nawa ne ya koma ƙauyen da aka haƙa. Attajiranmu na Kano da Kaduna da Sakkwato, har yaushe za ku tsaya a matsayin masu tara buhu kuna miƙa wa baƙo? Ban ce a kori baƙo ba. Muna buƙatar jarinsa da iliminsa, kuma wanda ya zo ta ƙofa ya bi doka maraba da shi. Amma a shiga da ku cikin hannun jari, a rubuta adadin injiniyoyinmu da za a horar, a sa ranar da za su karɓi ragamar aikin. Ɗalibanmu da ke karanta ilimin duwatsu da sinadarai a Zariya da Jos da Minna da Kano, wannan fagen naku ne, kada ku bari ya zama aikinku a masana'antar shi ne gadin ƙofa.

Mu kuma sauran jama'a, aikinmu tambaya ce, kuma muna da makamin yin ta. Ofishin rajistar filayen haƙa yana ajiye da sunan duk mai lasisi da iyakar filinsa. Hukumar NEITI tana wallafa rahoton abin da kamfanonin ma'adinai suka biya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takarda, ta amsa masa cikin kwana 7. Ƙungiyar ci gaban garinku ta zauna a wannan watan ta rubuta wasiƙa: wane ne ke da lasisin filin da ke bayan garinmu, yaushe aka ba shi, wa ya sa hannu a madadinmu, ina yarjejeniyar raya ƙasa, ina shirin sarrafawar da ya kai wa ma'aikata? A kai kwafi ga ɗan majalisa, a kai gidan rediyo. Idan an zo neman ƙuri'a, a ajiye masa wasiƙar a gabansa kafin a karɓi atamfa da taliya. Kuma duk tirelar da ta taso daga garinku da dutse, matasa su rubuta lambarta da ranar da ta fita, ba faɗa ba tare hanya, a ajiye lissafin a hannun ƙungiya, domin ranar da za a zauna da kamfani ko da gwamnati ku ma ku shiga da littafinku.